Gwiwar katako da nake haɗa wa ɗalibaina

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Toh bismillah. Zan riƙa rubuta yadda aikin nan ke tafiya saboda na san halina, in ban rubuta ba sati biyu ya yi yawa zan watsar.

Abin da ya jawo shi, ranar Alhamis ina koyar da darasin ƙashi da gaɓoɓi, na zana gwiwa a allo nace ga ligamen ga tandon, sai wata yarinya can layin baya ta ɗaga hannu tace Malam ligamen ɗin da Hausa fa? Nace jijiya. Tace tandon ɗin fa? Na yi shiru nace shi ma jijiya. Wani sarkin surutu yace to Malam wadda nas take nema a hannu in za a ƙara wa mutum ruwa fa, nace jijiya, yace wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa fa, kafin in buɗe baki ajin gaba ɗaya suka haɗa baki JIJIYA, aka kwashe da dariya har da ni. Amma wallahi abin ya tsaya min a rai, abu huɗu daban daban, aikinsu daban, mun haɗa su a suna ɗaya, sannan muna mamakin yara sun haddace ba su gane ba.

Don haka zan haɗa gwiwa ta katako wadda ake lanƙwasawa, yaro ya taɓa da hannunsa ya ga wacce jijiya ce ke riƙe ƙashi da ƙashi, wacce ce tsoka ke ja da ita. A ajina na raɗa musu suna: ligamen jijiyar ɗauri, tandon jijiyar ja. Kasafi ₦10,000, daga aljihuna. Wa'adi kafin azumi.

Talata, 14 ga Janairu

Na fara da kwaɓa. Nace kafin in je wurin kafinta gara in ga ta gaske, na biya wurin mahaucinmu na sayi ƙafafun akuya biyu ₦1,200, na zo gida na zauna da reza ina ta feɗewa ina neman ƙoƙon gwiwa, babu shi babu dalilinsa. Sai da na koma littafi na gane shirmen da na yi. Abin da muke kira gwiwar akuya a ƙafar gaba, wanda take durƙusawa a kai, a jikin mutum wuyan hannu ne. Wanda kuma ke ƙafar baya da ya karye ta baya kamar gwiwar da aka juya, wannan dunduniya ce da idon sawu. Gwiwar akuya ta gaske tana can sama a ƙafar baya dab da ciki, nama ya rufe ta. Wato ƙafar da ake sayar mana ta farfesu tafin ƙafa ce da yatsu, akuya a kan yatsu biyu take tafiya. Shekara nawa ina koyar da bayoloji ban taɓa tsayawa na kalli akuyar gidanmu da wannan idon ba.

Ba a yi asara duka ba dai, akwai fararen jijiyoyi dogaye a bayan ƙashin, in na ja sai kofaton ya lanƙwashe.

Alhamis, 16 ga Janairu

Ƙafafun kaji na ₦500 na kai aji. Kowa ya ja farin zaren yatsun kazar suka dunƙule. Nace su dunƙule nasu hannun su taɓa damtsen da ke ƙasan gwiwar hannu, suka ji yana motsi. Tsokar da ke dunƙule yatsu da ƙarfi a can take zaune, dogayen jijiyoyin ja ne ke bi ta wuyan hannu su kai jan har ƙarshen yatsa. Ajin ya yi ƙarni har aka tashi.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau na ga gwiwa ta gaske. Na je tun safe nace wa mahauci Baba cinyar baya nake so guda, amma don Allah kar ka sare ta a gaɓa, ka bar min tun daga ƙugu har ƙasa. Ya dube ni yace Malam biki za a yi ko magani aka rubuta maka? Nace karatu ne. Yace to Allah ya ba da sa'a, ₦11,000. Wannan kuɗin dai a lissafin cefane na sa shi tunda naman ciki zai shiga, uwargida ba ta yarda da wannan lissafin ba amma an wuce wurin.

Tun a wurinsa na samu darasin farko, ƙugiyar da yake rataye akuya a bayan agara yake sa ta, tsakaninta da ƙashi, akuya guda tana lilo a kan wannan jijiyar ba ta tsinke ba. Agara ita ce jijiyar ja mafi kauri da ƙarfi a jikin mutum ma, ita ke haɗa tsokar sha-raɓa da ƙashin dunduniya, duk lokacin da ka yi ɗage ko ka yi tsalle ita ke ɗaukar ka. Kuma ga shi muna da sunanta na kanta a Hausa, ba sai mun ce jijiya ba.

A gida na zare naman a hankali, ya ɗauke ni wajen awa biyu. Abubuwan da na gani da idona:

Tsokar gaban cinya tana siririncewa ta koma fari mai sheƙi, ta haɗiye ƙoƙon gwiwa a cikinta, ta wuce ta manne a saman ƙashin ƙwauri. Wato ƙoƙon gwiwa ba a jikin wani ƙashi yake maƙale ba, a cikin jijiya yake zaune, yana zamewa sama da ƙasa a wani kwari da ke ƙarshen ƙashin cinya.

Da na huda jakar da ta lulluɓe gaɓar sai ga ɗan ruwa mai yauƙi kamar farin ƙwai, bai kai cokali ba, na murza a yatsu santsinsa ya fi na kuɓewa. Kan ƙasusuwan kuma an lulluɓe shi da guringuntsi fari tas mai ɗan shuɗi-shuɗi, na sa farce ya ƙi kamawa. Guringuntsin nan babu hanyar jini a cikinsa, daga wannan ruwan yake shan abincinsa, motsi ne ke matsa ruwan ya shiga ya fita kamar soso.

Tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri akwai wasu faifai biyu masu siffar jinjirin wata, kauri a baki siriri a ciki, kamar gammo aka yi wa ƙashin cinya ya zauna a kai. Maniskus sunansu a littafi, ni gammon gwiwa zan ce.

Sai kuma uwa uba, can tsakiyar gaɓar, gajerun jijiyoyi biyu da suka gitta juna kamar alamar kuskure da nake sa wa yara da jan biro. Jijiyoyin ɗauri ne, su ne ACL da PCL da masu kallon ƙwallo ke ji kullum. Gajeru ne ƙwarai, na ja da iya ƙarfina ko ɗan miƙewa ban ji sun yi ba. Na riƙe cinyar na tura ƙwaurin gaba, ya ɗan motsa ya tsaya cak. Ban yanke ba, nace sai gobe in ɗauki hoto da rana tukuna, na ƙulle ta a leda na sa a firij.

Lahadi, 19 ga Janairu

Inna lillahi. An cinye min gwiwa.

An ɗauke wuta tun daren jiya, da safe na fita ɗaurin aure, ƙanwar uwargida da ta zo mana kwana biyu ta buɗe firij ta ga ƙashi a leda ya fara saki, ta ga gara a dafa kar ya lalace, ta haɗa da ƙafafun nan na ranar Talata da na daskarar ta yi farfesu. Na dawo na tarar da ƙamshi tun daga zaure. Tace Yaya ai na ga ƙashi ne kawai babu ko nama. Me zan ce, laifina ne da ban rubuta komai a jikin ledar ba. Na ci, kuma ya yi daɗi, wannan ne ya fi ba ni haushi.

Da daddare na leƙa tukunyar, ragowar romon ya huce ya kama jikinsa yana rawa kamar kamu. Jijiyoyin da jiya na kasa ko miƙar da su sun narke. Kolajin kenan, sinadarin da aka saƙa jijiyar ɗauri da ta ja da shi, zare-zare ne a jere kamar igiyar rama, zafi na warware shi ya koma wannan danƙon da ke manne leɓe in an sha farfesun ƙafar saniya ko ganda. Hoto dai babu, sai zanen da na yi a bayan takardar jarrabawa.

Alhamis, 23 ga Janairu

Na kai wa kafinta zane. Katako da aiki ₦4,500, hinjin ƙofa ₦800. Yace Asabar.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Asabar ɗin kafinta ta zama Asabar ta gaba, ban yi mamaki ba. Na karɓo, sanduna biyu an haɗa da hinji, na ɗaɗɗaura roba a gefe da tsakiya, tana lanƙwashewa tana miƙewa, ni dai a ganina ta yi kyau. Na ɗauka na kai wa wani abokina da muka yi sakandare tare, yanzu likitan gashin ƙashi ne, fisiyo. Ya juya ta ya juya, yace mutumina wannan ai ƙofar kanti ka haɗa. Ya kwance robobin gaba ɗaya ya miƙo min, yace to lanƙwasa. Ta lanƙwashe daidai kamar da. Yace ka gani, in yaro ya cire ligamen bai ga abin da ya canza ba me ka koya masa? Ka koya masa ado ne kawai.

Gaskiya ya faɗa kuma ta yi ciwo. A gwiwar mutum babu wani ƙarfe ko ƙashi da ya sarƙe cinya da ƙwauri. Ƙugu shi ƙwallo ne a cikin rami mai zurfi, ƙashin kansa yana taimakawa wajen riƙo, gwiwar hannu ma ƙasusuwan sun shiga juna sosai. Amma gwiwar ƙafa dunƙulallen kai ne guda biyu a kan wuri kusan shimfiɗaɗɗe, kamar ka ɗora ƙwarya biyu a kan faranti, abin da ya hana su zamewa jijiyoyin nan huɗu ne da gammo da tsokar da ke kewaye. Biyu a gefe, ta ciki da ta waje, suna hana ƙafa karyewa ta gefe. Biyu a tsakiya, ACL tana hana ƙwauri zamewa gaba, PCL tana hana shi zamewa baya, ita ta bayan ta fi kauri. Kuma yace gwiwa ba a wuri ɗaya take juyawa kamar hinji ba, kan ƙashin cinya yana mirginawa yana kuma zamewa a lokaci guda, sannan dab da ƙafa za ta miƙe sarai ƙwaurin yana ɗan murɗawa waje ya kulle, shi ya sa mutum zai iya doguwar tsayuwa a sahu ba tare da cinyarsa ta gaji sosai ba.

Hinji ya tafi. Na cire shi na sa a ƙofar akurkin kaji, dama tana bukata.

Kafin in taho na ba shi labarin tawa gwiwar ta dama. Shekarun baya a filin unguwa na juya da ƙwallo ƙafata a kafe a ƙasa, na ji ɗas a ciki, kafin magariba ta kumbura suntum. Aka kai ni wurin mai ɗori yace targaɗe ne, ya ja ya murza na yi ihu, kumburi ya sauka bayan makonni, amma har yau in na sauko daga bene da sauri ko na juya ba shiri sai in ji ta tafi kamar ba tawa ba. Ya kwantar da ni a benci ya ɗan lanƙwasa ƙafar ya riƙe cinya ya jawo ƙwaurin gaba, ya yi wa ta hagu haka, yace ka ji bambanci? Ta hagu tana tsayawa cak irin na akuyar nan, ta dama tana tafiya luɓus babu birki. Yace yana zargin ACL ce amma ba zai yanke hukunci a benci ba, sai an yi hoton MRI an ga likitan ƙashi. Ni da na je gyaran gwiwar katako.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Ban taɓa aikin ba. Ina ta tunanin maganar jiya.

Ba na zagin masu ɗori, na ga karayar da suka ɗora ta kama. Amma ƙashi daban jijiya daban. Ƙashi cike yake da jini, in an daidaita shi an hana shi motsi yana haɗa kansa. Jijiyar ɗauri da ta ja jininsu kaɗan ne shi ya sa fari suke, warkewarsu a hankali take, ita ACL kuma da ke tsakiyar ruwan gaɓa in ta tsinke gaba ɗaya yawanci ba ta haɗewa da kanta, ja da murza ba abin da zai ƙulla ta. Masu tiyata ma galibi ba ɗinke ta suke ba, wata jijiyar suke yankowa daga jikin mutum, ta ƙasan ƙoƙon gwiwa ko ta bayan cinya, su huda ƙashi su dasa ta a madadinta. Shi ya sa Van Dijk na Liverpool da ya ji irin wannan ciwon a wasansu da Everton a Oktoban 2020 bai sake buga wasa a wannan kakar ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Sabon katako da yanka ₦3,000. Wannan karon na tsaya a kansa har ya gama, ya fitar min da kawuna biyu masu zagaye a ƙarshen cinyar da rami a tsakaninsu, saman ƙwaurin kuma a shimfiɗe. Sukurori da zobbansu ₦1,000, sanfefa ₦400, tsohon tib daga mai faci ₦300.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Ranar wahala. Na yanka tib na yi jijiyoyi huɗu na ɗaure, na ɗaga ta sama sai ƙwaurin ya hau rawa kamar wuyan ɗan tsako, ka tura gaba ya tafi, ka tura gefe ya tafi. Na ƙara ɗaurewa tam sai ta ƙi lanƙwasuwa, in ka matsa mata ta fizge ta dawo ta buge maka yatsa, babban yatsana na hagu ya shaida. Na ɗauki lokaci kafin in gane kuskuren daga kaina yake, a raina na ɗauka ligamen roba ce tunda littafinmu yana cewa tana da ɗan talewa. Ɗan talewar nan kaɗan ne ƙwarai, abin da na ja a jikin akuya ya fi kama da igiyar guga. Ligamen ba ta jawo ƙashi ya dawo, tsayar da shi take in ya kai iyakarsa. In da tana talewa kamar tib da babu mai iya tsayuwa. In aka tilasta mata ta wuce iyaka zarenta ne ke yagewa, kaɗan ko rabi ko duka, wannan shi ne targaɗe.

Na yanko maratayin tsohuwar jakar makarantar ɗana, irin saƙaƙƙen nan mai faɗi da ba ya miƙewa. Na gefe biyu sun zauna lafiya. Na tsakiya ne suka kusa sa ni kuka. In na ɗaure su gwiwa a miƙe, tana kaiwa rabin lanƙwasa sai ta cije. In na ɗaure a lanƙwashe, da na miƙar sai su yi sako-sako. Na canza wurin sukuru ya fi sau goma, katakon ya koma kamar rariya, ana cikin haka ɗaya daga kawunan ya tsage biyu saboda na ɗaura sukuru ban fara huda wurin ba ga iskar hunturu ta busar da katakon ƙayau. Na ajiye na tafi masallaci.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Gam ₦1,200. Na manne na ɗaure da tib, ashe nan ne amfaninsa. Kwana biyu ba taɓawa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Alhamdu lillahi ta yi!

Dabarar da ta fisshe ni, na daina huda katako na koma kwali. Na yanka siffar ƙasusuwan a kwali, na yi jijiyoyin da tsinken tsintsiya biyu da allurai, ina matsar da allura har na samu wuraren da tsawon ba ya canzawa ko an lanƙwasa ko an miƙe, sannan na kwafa a katako. ACL ta tashi daga gaban saman ƙwauri ta yi sama da baya ta kama cikin kan waje na ƙashin cinya, PCL ta tashi daga baya ta yi sama da gaba ta kama cikin kan ciki. Da ɗaure su a wurin sai ga kan cinyar yana mirginawa baya yana zamewa da kansa yadda abokina ya faɗa, ba wanda ya sa shi, gittawar jijiyoyin ce ke tuƙa shi. Na zauna ina lanƙwasawa ina miƙarwa kamar yaro ya samu sabuwar mota har uwargida tace Malam abincinka fa ya huce.

Gammo kuma daga tsohon silifas na yanko, na fereye cikin da reza. Kafin in sa su kawunan suna taɓa ƙwaurin a ɗan wuri ƙanƙani suna ƙara ƙiiƙii, da na sa sai nauyin ya bazu ta daina gurgura. Murɗawar nan ta ƙarshe da ke kulle gwiwa ita ce ban samu ba, kawunan nawa girmansu ɗaya, na mutum kuwa ba ɗaya ba ne. Na haƙura da ita, da baki zan yi bayani.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Igiyar nailan ₦600, ita ce jijiyar ja. Na ɗaure ta a gaban ƙwauri ta haura ta kan gwiwa, hannun mai ja shi ne tsokar cinya. Wata a baya don lanƙwasawa, tunda tsoka ja kawai ta iya ba ta turawa, dole kowace gaɓa ta samu masu ja ta gaba da masu ja ta baya. Ƙoƙon gwiwa da guntun katako na fara, yana ta zillewa gefe, sai da na zurfafa kwarin da sanfefa ya zauna.

Na aro sikelin rataye wurin maƙwabcina mai sayen kayan gwangwan na gwada wani abu. Na ɗaura dutse a ƙasan ƙwaurin, na maƙala sikelin a igiya na ja har ƙafar ta miƙe, allura ta tsaya wajen kilo 3. Na cire ƙoƙon na sake ja, ta haura kilo 4. Sikelin gwangwan ne ba na rantsuwa a kansa, amma sau biyar na yi kullum babu ƙoƙo ya fi nauyi. Aikinsa kenan, yana ɗaga jijiyar ya nesanta ta da tsakiyar gaɓa sai jan ya yi sauƙi, kamar yadda ake sa dutse a ƙarƙashin ƙarfe in za a ɗaga abu mai nauyi.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Fenti ƙananan gwangwani ₦2,500. Jijiyar ɗauri kore, ta ja kuma ja, gammo shuɗi. ACL na sa mata maɓalli irin na jaka yadda za a iya ɓalle ta a mayar.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na kai aji. Ban yi bayani ba da farko, na kira yarinyar nan mai tambaya nace riƙe cinyar ki jawo ƙwaurin gaba. Ta ja ya tsaya. Na ɓalle maɓallin nace sake ja, ƙwaurin ya zamo gaba har ta tsorata ta saki tace Malam na ɓalla. Nace yanzu ja jar igiyar, ta ja ƙafar ta miƙe lafiya lau. Sarkin surutu yace au, shi ya sa ɗan ƙwallo yake iya fita fili da ƙafarsa amma a ce ya yi wata tara? Na ji daɗin tambayar nan fiye da albashin watan. Miƙewa da tafiya a miƙe aikin tsoka ne da jijiyar ja, suna nan lafiya, juyawa da birki ne ke neman ACL. Sai na kwance jar igiyar na mayar da koren nace to ga akasin haka, gaɓa a riƙe gam amma ba mai ɗaga ƙafar. Irin wannan ne ya samu Ronaldo na Brazil a Afrilun 2000 yana Inter a wasa da Lazio, jijiyar ƙasan ƙoƙon gwiwarsa ta tsinke ya zube a wurin, kuma ya dawo ya ci ƙwallo 8 a gasar cin kofin duniya ta 2002. Rabin ajin Ronaldo ɗaya suka sani, sai da na yi bayanin akwai na farko.

Tambayoyi suka ɓarke. Ɗaya tace kakarta ta hana ta ƙwas-ƙwas da yatsu wai yana kawo ciwon gaɓɓai. Nace ƙarar daga kumfar iska take a cikin ruwan gaɓa in an ja ta, kuma akwai wani likita a Amurka, Donald Unger, da ya shekara 60 yana yi a hannu ɗaya ya bar ɗayan, bai samu ciwon a ko wanne ba, har aka ba shi kyautar Ig Nobel, wadda ake ba masu binciken ban dariya, a 2009. Amma mutum ɗaya ne, kuma nace kar ta je ta ce wa kaka Malam yace ƙarya take. Na kuma gargaɗe su kar wanda ya je yana jan gwiwar abokinsa da ta kumbura wai yana gwaji, wanda ya ji ciwo ya huta ya sa ƙanƙara a tsumma ya ɗaga ƙafar, in ya kasa takawa ko ya ji tana zillewa a tafi asibiti.

Ɓarna: a aji na biyu wani ya ja da ƙarfin tsiya sukurun PCL ya fita da ɗan katako. An gyara da gam a ofis. Ƙoƙon gwiwa ya ɓace bayan tashi, an tsinto shi a aljihun wani.

A ƙaramin gwajin da na ba su, tambayar bambancin ligamen da tandon mutum 6 ne kawai suka faɗi cikin 47. Wasu sun rubuta kore da ja a madadin sunayen, na ba su rabin maki.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi, Allah ya karɓa mana. Lissafi: ₦16,000 ba tare da cinyar akuya ba, da ita ₦27,000, kasafin dubu goma ya sha kashi. Hinji da tib da katakon farko duk kuɗin koyo ne.

Ni kuma abokina ya ba ni motsa jiki na ƙarfafa tsokar gaban cinya da ta baya, da tsayuwa a ƙafa ɗaya ina riƙe da bango, yace ko za a yi aiki ko ba za a yi ba wannan dole ne, tsoka mai ƙarfi tana rage wa gwiwa zillewa. Kwana 12 na yi a jere na fasa 3. Maganar hoto da zuwa asibitin ƙashi na Dala sai bayan salla in an ga abin da aljihu ya ce. Ƙwallon yamma dai na ajiye.

Aiki na gaba hannu ne, yatsu biyar masu dunƙulewa. Na riga na yi magana da mai gyaran keke zai tara min tsofaffin wayoyin birki da bututunsu, don jijiyar yatsa ma a cikin kube take zamewa kuma akwai zobba da ke manne ta da ƙashi. Abin da ban warware ba babban yatsa, gaɓar gindinsa siffar sirdi ce tana motsi ta fuska biyu, kafinta yace shi bai taɓa yanka irin wannan ba sai na kawo masa a kwali tukuna. Gwiwar kuma tana cikin kabad ɗin ofis a kulle, na rubuta a jikin ledar da babban baƙi: BA NA MIYA BA NE.